Taki Arba'in Daga Tsamiya

Yara suna kiransa Malam Jiya, don tarihi yake koyarwa, kuma ya daɗe da daina nuna kamar bai ji ba. Shekara goma sha tara yana rubuta wa hedimasta takardar neman a kai 'yan aji huɗu gandun daji, shekara goma sha tara ana ce masa za a duba. Bana aka duba, saboda motar makaranta ta dawo daga gareji kuma ana son a gwada ta.

Da ya faɗi haka a gida, Baba ya sa aka ɗaga shi aka jingina da bango. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, a ɗakin baya yake wuni yake kwana, tsakanin tsohon keken ɗinki da buhunan takardun jarrabawa. A cikin wannan gandun aka haife shi, lokacin wurin yana ƙauye, kafin hukuma ta gano cewa barewa ta fi mutum bukatarsa. Yana ɗan shekara tara mahaifiyarsa ta rasu. Bayan wata biyu aka kwashe su a manyan motoci.

"Akwai tsamiya," in ji Baba, bakinsa na jan gefe guda. "Ka jingina bayanka da ita, ka fuskanci gabas, ka yi taki arba'in. Nan Inna take. Ni na ƙirga da ƙafata ranar da za mu tashi." Ya nuna dutsen da yake danne takardun asibiti da shi. "Ka ajiye mata wannan, kada wurin ya ɓace gaba ɗaya."

Malam Jiya ya sa dutsen a aljihu. Ya jira ya ji wani abu a ransa. Nauyin dutsen kawai ya ji a cinya.

A ƙofar gandu wani jagora mai kakin da ya fi shi girma ya tarbe su. Ya kai su wata 'yar hanya da aka share, aka kafa mata alluna a gefe.

"Wannan ita ce Hanyar Zamani," in ji shi, da muryar wanda ya faɗi abu sau dubu. "Kowane taki shekara goma ne. Taki sittin, shekara ɗari shida. Ku bi ni, kada wanda ya taɓa komai."

Suka bi shi. Suka wuce fari, suka wuce ambaliya, suka wuce wani yaƙi da allonsa ya goge har ba a san wa ya ci ba. Saura taki bakwai hanya ta ƙare, allo ya ce: A nan aka keɓe wannan daji, ba kowa cikinsa sai namun dawa. Malam Jiya ya karanta sau biyu, ya lura ba kuskuren rubutu ko ɗaya.

"Malam, kai kana ina?" wani ya tambaya daga baya.

"Taki biyar daga ƙarshe."

"Ashe ma nan kusa ne. Mun zaci kana can wajen yaƙin."

Auta, wadda ta fi kowa ƙanƙanta a ajin, ta ɗaga hannu ta ce ita casa'in da ɗaya ta ƙirga, ba sittin ba. Jagora ya ce ai ƙafarta ce ba ta gama girma ba, ta dawo in ta yi tsawo. Aka yi dariya. Malam Jiya yana duba gefen hanya yana neman tsamiya, sai ya ce su yi shiru kawai.

A zauren baje koli ya samu tsamiyar. An yanko faifai guda daga gindinta, faɗinsa ya kai teburin cin abinci, an goge shi da man katako an jingine a bango. An kakkafa ƙananan ƙusoshi a zoben shekarunta, kowace da 'yar takarda. Jagora ya ce iska ce ta kayar da ita kafin a ɗauke shi aiki. Yara suka shiga ƙirga zobba da yatsa, kowa da nasa jimlar, biyu har suka fara ture juna a kan shekara uku.

"Kututturen fa?" Malam Jiya ya tambaya.

"Yana bayan ɗakin tikiti. Nan muke cin abinci."

Ya bar yaran a hannun direba, wanda bai yi murna ba, ya zagaya baya. Kututture na nan, da murfin kwano a kai da tokar sigari a tsaginsa. Ba abin da zai jingina bayansa da shi, sai ya haɗa dugadugansa da katakon. Ya duba gabas a wayarsa. Ya fara tafiya yana ƙirgawa a hankali, taki mai kyau, irin na mutumin da aka ba amana. A na goma sha biyu ya tsallake tiyon ruwa. Wajen na ashirin da wani abu ya ratsa ciyawa mai ɗan tudu. Na arba'in ya sauke shi a filin ajiye motoci, kusa da tayar bayan motar makaranta.

Ya tsaya nan. Tsakuwa ce da ɗigon baƙin mai. Ya yi addu'a gajeriya, ya matsar da dutsen gefe kaɗan don kada direba ya taka shi, ya ajiye. Ya sake jira ya ji wani abu. Cinyarsa ta yi sauƙi.

A hanyar komawa ya raba takardu, kowa ya rubuta abin da ya koya game da lokaci. Sun yi nisa da ƙofar gandu, motar na hawa tudu da ƙyar, Auta ta miƙo tata daga kujerar baya.

"Malam, ni dai casa'in da ɗaya na rubuta. Ba ƙarya na yi ba."

"Shekararki nawa?"

"Tara."

Ya karɓi takardar ya riƙe. Bayan ɗan lokaci ya juya bayanta ya yi lissafi da jan biro, abin da bai yi ba tun yana jami'a. Arba'in ɗin yaro ɗan shekara tara ashirin da shida ne na babba, da ɗan ɗori. Ya tuna ciyawar mai tudu da ya taka. Ya dubi ƙeyar direba, ya dubi hanya. Motar in ta tsaya a kan tudu sai an tura. Ya bar direba ya ci gaba da tafiya.

Da yamma ya tarar da Baba zaune, an riga an jingina shi, takardun asibiti sun warwatse a ƙasa don ba abin da ke danne su.

"Ka samu tsamiyar?"

"Na samu, Baba."

"Arba'in ka yi?"

"Arba'in cif."

Baba ya gyaɗa kai, ya rufe ido, ya ce a kwantar da shi. Malam Jiya ya kwantar da shi, ya tattara takardun ya danne su da kofi. Sannan ya zauna a teburin keken ɗinki ya ba Auta goma bisa goma. Ya zaro farar takarda ya soma rubuta wa hedimasta neman a kai 'yan aji huɗu gandun daji baɗi, ya bar gurbin kwanan wata.