Inda Dodzi Yake Samo Kiɗansa

"A gidan vodu, gidan tsafin nan, ya sato shi, Dagan, kowa ya sani," in ji Ayele, tana matse tsumma tana goge wa ɗanta fuska. "Kiɗan da ba a yi don kunnen kowa ba, shi ya ɗauko ya kai mashaya. Ga sakamakon nan kwance."

Madam Ablavi, wadda Ayele take kira Dagan, wato yaya, ta dubi sakamakon. Dodzi ne, ɗan maƙwabciyarta, ƙato mai shekara talatin da 'yan kai, a miƙe kan tabarma. Bakinsa ya karkace, hannun dama ya zube kamar na aro. Tun shekaranjiya ya kife a bayan gangunansa ana cikin gwaji, kuma bai sake furta kalma ba.

"Maman Dodzi, wannan ciwon na asibiti ne. Haka ya kama mijina."

"Mijinki bai taɓa kayan vodu ba. Fasto ya ce allura ba ta jin abin da aka aiko. Kawunsa kuwa cewa yake a kai akuya can a ba da haƙuri. Ni ƙafata ba za ta taka wurin ba."

Mutanen coci suna ja nan, dangin uba suna ja can, abu ɗaya kawai ya haɗa bakinsu: ban da asibiti. Madam Ablavi ta daɗe tana shugabar makarantar firamare a Lome kafin ta ajiye alli, kuma ta lura cewa "kowa ya sani" magana ce da ta fi fitowa daga bakin wanda bai ga komai ba.

"Wa ya gan shi ya shiga?"

"Abokinsa da kansa ya faɗa. A gaban jama'a, da lasifika."

"In na kawo miki shaidar cewa bai shiga ba, za ki bari a kai shi?"

Ayele ta dubi bakin ɗanta. "Kawo," ta ce.

Ba wai Madam Ablavi tana ƙaunar kiɗan ba ne. Abin da samarin suke kira metal, a kunnenta ƙanƙara ce take zuba a kan kwanon rufi, ga wani yana gurnani a ciki kamar an taka wa kura wuya. Amma ƙin kiɗa daban, barin ɗan mutane ya mutu a tabarma daban. Ta ɗaura ɗankwali, ta nufi bakin titi inda Elom, abokin Dodzi mai gurnanin, yake jiran fasinja a kan babur.

"Kai ne mai kukan nan?"

"Waƙa ce, Madam."

"Ni na koya maka Faransanci, amma ban taɓa tsintar kalma ɗaya a ciki ba. Me Dodzi ya sata?"

Elom ya sauko daga babur, ya cire hula kamar yana gaban ofishinta. Ya yi mata bayani cewa a irin kiɗansu mai ganga gudu kawai yake yi, hannu da ƙafa, ba numfashi. Sai a ƙarshen baiti, inda mawaƙi ya ja iska, ake bar masa ɗan giɓi ya cike da abin kansa.

"Nan ake gane makaɗi, Madam. Kowa a garin nan kwaikwayon Turawa yake yi, daga ƙaramar ganga a gangaro zuwa babba, shi ke nan. Yaya Dodzi ma haka yake yi da, har ya ce kansa ya bushe, zai bar kiɗa. Sai kawai ya fara zuwa da wasu irin cike. Ka ji kamar zai faɗi, ya yi tuntuɓe, ya dakata, sai ya dira daidai kan gaɓa. Mutane har haukacewa suke yi."

"Sai ka ce daga vodu ne."

"Ni nake sauke shi a unguwar Be, a bakin lungun gidan. Na tambaye shi, ya yi dariya kawai."

"Ka ga ya shiga ƙofar?"

"Na ga ya shiga lungun."

"Lungu da ƙofa abu ɗaya ne? Haka na koya maka?"

Elom ya sunkuyar da kai. "Madam, a harkarmu in ba a jin tsoronka ba a zuwa kallonka. Da na faɗa a dandali, wurin ya kusa tsagewa da ihu. Shi ma bai ƙaryata ba."

"Tayar da babur."

Rana ta take sosai lokacin da suka isa Be. A ƙofar gidan vodu wata tsohuwa ce zaune da farin zane ɗaure a ƙirji, tana ɓarar agushi. Madam Ablavi ta gaishe ta yadda ya kamata, ta tambayi lafiyar mutanen gida, sannan ta kwatanta mata Dodzi.

"Mai gashi kamar igiyar guga? Mai baƙar riga da hoton ƙoƙon kai?" Tsohuwar ta tofar da ɓawo. "Yana da gaisuwa, ba laifi. Wucewa yake yi."

"An ce kiɗanku ya sata, shi ya sa aka buge shi."

"Mu muka buge shi ba mu sani ba? Wanda bai cire riga da takalmi ba ko zauren nan ba ya wucewa. Ku bi lungun, kunnenku zai kai ku."

Kunnen kuwa ya kai su. Bayan katangar akwai wata rumfar kwano inda ake sayar da sakwara, 'yan mata uku suna lugude a turmi ɗaya, ta huɗu tana tsugune tana tsoma hannu a ruwa tana juya doyar tsakanin saukar taɓare. Mai rumfar, wata mace mai jiki da ake kira Akuele, ta share hannu a zane ta tare su.

"Mai ganga? Ina ya shiga? Ga bencinsa can, kusa da turmi. Kwano ɗaya zai ci, ya zauna har la'asar yana bubbuga gwiwa, ya hana 'yan matana aiki da surutu."

"Me yake saurare?" in ji Madam Ablavi.

"Ɓarna! In daka yana tafiya daidai ba ruwansa. Sai doya ta yi gudaji, mai juyawa ta daɗe da hannu a ciki, biyu su riƙe taɓarya a sama, ta ukun ta rama da sauri don kada a rasa gaɓa. Nan zai daka tsalle ya ce, 'Yaya, sake yi mini wannan!' Na ce masa, ɗan nan, gudaji ba a yin sa da gangan."

Tana cikin magana hakan ta faru. Taɓarya biyu suka tsaya a iska, ta ukun ta sauka sau uku a jere, aka ɗan yi shiru, sai duka suka dira tare. Madam Ablavi ta ga Elom ya dafa ginshiƙin rumfar.

"Yesu," ya ce a hankali. "Shi ne wannan. Shi ne wanda ake ihu in ya buga."

"Na sha ce masa ya kawo abokansa su ci," in ji Akuele. "Ya ce in suka ji daga turmi yake ɗaukowa sun kashe shi da dariya. Wai kiɗansu sai da ban tsoro. To lafiya dai? Kwanan baya yana ta riƙe ƙeya, yana cewa kansa kamar zai fashe. Na ce ya je a auna jininsa."

Madam Ablavi ta faɗa mata a taƙaice. Akuele ba ta ko cire zanen aiki ba, ta bar wa 'yan matan rumfa, ta ce ita za ta tsaya gaban uwar da Faston da kawun duka. Su uku suka matsu a kan babur ɗin, Elom yana ratsa motoci yana danna oda, tsohuwar malamarsa ta riƙe masa riga ba ta ce ya rage gudu ba.

Tun daga kwanar layinsu suka hango ana sauke kujerun roba daga amalanke. Elom ya kashe babur tun bai kai ƙofa ba. Kukan mata yana fitowa ta saman katanga, a ƙarƙashinsa kuma mutanen coci suna jan waƙar da ake yi wa wanda ya riga ya tafi. Wata maƙwabciya ta ce da tsakar rana ne, ana cikin addu'a ya ja dogon numfashi, bai sake ba. Elom ya zauna a ƙasa a gefen babur ɗinsa, ya rufe fuska da hula.

Ayele tana zaune a dokin ƙofar ɗakin, ƙafafu a miƙe, an ɗaure mata ƙugu da ɗankwali. Ba kuka take yi ba. Da ta ga Madam Ablavi, sai ta matsa mata wuri.

"Dagan, kin je?"

"Na je."

"Me kika samo?"

Madam Ablavi ta zauna. Ta san abin da amsar za ta ɗora wa matar nan, wadda ta raini yaron ita kaɗai da kuɗin ɗinki, ta kuma kwana biyu tana goge masa fuska tana jiran a kori abin da aka aiko. Ƙarya ɗaya ƙarama za ta bar ta da abin dafawa. Ta dubi Akuele da ke tsaye a tsakar gida, sakwara ta bushe mata a hannu, ba ta san kowa ba.

"Bari sai an yi jana'iza, Maman Dodzi."

"A'a. Ni na ce ki kawo. Faɗa mini."

"Bai taɓa shiga gidan vodu ba," in ji Madam Ablavi. "A bayan gidan akwai masu dakan sakwara. Wurinsu yake zama yana saurare."

Ayele ta ɗauke ido daga kanta. Ta juya kai a hankali, ta tsaya tana kallon turminta da ke kife a gindin katangar kicin, kaza tana tsaye a kansa.