Giɓi a Zanen Sauro

Kowa a barandar ɗakin kwamiti ya rungumo tulin maƙalunsa kamar mai kai wanki, sai Uwar Sauro da ke zaune da ɗan siririn fayil a cinya. Abokan aiki ne suka laƙaba mata sunan, don ta ƙarar da ƙuruciyarta tana bin kwatami da tarko, tana ƙirga sauro, tana zuba bayanan a intanet kyauta ga duk mai so. Jama'a suka kwasa suka yi ta rubutu, wasu har sun zama farfesoshi. Dokar cibiyar binciken kuwa ba ta san wani abu wai shi tara bayanai ba, maƙala kawai take gani. In kwamitin ƙarin girma ya sake mayar da ita yau, sallama ce.

Da safe mijinta ya ce in sun kore ta sai ta buɗe shagon maganin sauro, tunda ta san abokan gaba gida-gida. Ta yi dariya, amma ko shayin ta kasa sha. Tsoro take ji ba na wasa ba.

*

Shugaban kwamitin ya juya fayil ɗin da ɗan yatsa. Ya ce ba su raina wahalarta ba, amma kamun sauro aikin ƙarfi ne, ba na ilimi ba. Mutum ne da ba ya wuce damar koyarwa, don haka ya haska bango da wani zane daga maƙalar da ya fi ji da ita, layi mai hawa da sauka da ke nuna yawan sauro shekara bayan shekara.

"Ga abin da ake kira bincike," in ji shi. "Kin ga giɓin nan na tsakiya? Na daɗe ina nuna wa ɗalibai yadda zafi ya ƙarar da sauro a watannin nan."

Ta ƙura wa giɓin ido. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

"Ranka ya daɗe, sauro bai ƙare ba. Haihuwa na tafi."

Ta ce tana jego babu wanda ya ɗana tarko, shi ya sa wurin yake fayau. Wata farfesa ta gyara tabarau, ta matsa jikin bango ta karanta ƙananan haruffan ƙasan zanen. Sunan Uwar Sauro ne a wurin, a matsayin mai bayanan. Matar ta yi dariya har da riƙe kujera, ta ce in wannan ba ilimi ba ne, to a kwashe rabin maƙalun teburin nan a zubar, har da nata.

Shugaban ya daɗe yana goge goshi. Can ya ce, "Yaron yana lafiya dai?"

"Yarinya ce, ranka ya daɗe. Tana sakandare."

*

An ƙara mata girma, kuma kafin shekara ta fita aka gyara dokar, bayanan da aka tara aka tsabtace suka zama aikin ilimi cikakke. Ranar da labari ya iso, 'yan ɗakin gwaji suka cika baranda da shewa, ita ma ta taka rawa ba kunya. Ta ji daɗi har cikin ranta.

Da hayaniya ta lafa, ta buga wa Baba Mai Rijiya waya, tsohon da ya koya mata aiki, wanda ya yi ta auna ruwan rijiyoyi har ya yi ritaya a matakin da aka ɗauke shi. Ya yi murna, ya sa mata albarka. Sannan ya rage murya.

"To 'yar nan, dokar tana waiwayar na baya kuwa?"

Sai ya yi dariya, ya ce ta bari kawai, ga mai sayen katin waya ya zo rumfarsa.