Fiyus ɗin Motar Auta

Motar da Auta ya saya ba irin wadda ake kawowa garejin yayansa ba ce. Ruwan ɗorawa ce, ƙofa biyu, kujera biyu, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Ranar da ya fara shigowa da ita sai da aka jera katako a bakin ƙofa, don kada cikinta ya daki dakali. Masu faci da masu fenti na layin duk suka bar aikinsu suka zo kallo.

Yayan nasa, wanda kowa ke kira Mai Wayarin, shi ne babba a gidansu. Tun yana saurayi yake bin wayoyin mota, kuma da wannan sana'a ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinsu, har Auta ya gama karatu ya samu aiki mai tsoka. Yanzu Auta ne ke riƙe da Inna, mahaifiyarsu. Shi ya gyara mata ɗaki, shi ke kai ta asibiti.

Matsalar motar ƙarama ce a baki. Ana cikin tafiya sai fitilun baya da na dashbod su ɗauke. In an duba, fiyus ɗinsu ya ƙone. A sa sabo, ta yi kwanaki lafiya lau, wani lokacin kuma kafin a kai kwanar farko ya sake tafiya. Auta ya miƙa makulli yana duba wayarsa ta hannu, ya ce shi dai a gama masa da wuri.

Mai Wayarin ya ji daɗi a ransa, ko da yake bai nuna ba. An daɗe rabon da ƙanin nasa ya nemi wani abu a wurinsa. Ya wanke hannu, ya shimfiɗa tsumma mai tsabta a kujerar direba, ya fara da abin da ya saba. Ya cire ƙwayayen fitilun baya ya duba mazauninsu ko ruwa ya shiga. Ya bi wayar da ke ratsa murfin but, inda buɗewa da rufewa kan karya ta. Ya sa mita, ya sa tasta, ya kunna fitilu ya riƙa jijjiga wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana jiran fiyus ya ƙone a gabansa. Ko gezau. Ya sa aka riƙa danna motar ana sakinta, ya watsa mata ruwa, ya bar injin ya yi zafi. Motar ta tsaya kamar mara lafiyar da ke warkewa da zarar ya ga likita.

Ya gaya wa Auta gaskiya: wata waya ce ke taɓa ƙarfe jefi-jefi, amma bai gano wurin ba. Ya tambaye shi ko a gargada abin ke faruwa, ko in an taka burki, ko bayan an wanke ta. Auta ya ce shi ba ya lura, ai aikin mai gyara ke nan. Sai Mai Wayarin ya roƙe shi su fita tare, Auta yana tuƙi, shi kuma yana zaune a gefe yana kallo. Auta ya dubi rigar aikin yayansa, ya ce yau yana sauri, sai wani jiƙon. Makullin ma ba ya bari a fita da shi. Ya ce motar ba kowa ke iya mata ba.

Haka aka yi ta yi. Ya kawo ta, a bincika, ya ɗauka, fiyus ya ƙone, ya dawo yana huci. A zuwansa na ƙarshe ya zo da wani abokinsa, kuma da abokin ya tambaya ko wannan ne mutumin, sai Auta ya ce eh, mai gyaransa ne, amma da alama motar ta fi ƙarfinsa. Mai Wayarin yana durƙushe a gindin sitiyari, ya ji komai. Abokin ya ba da shawarar a sa fiyus mai ƙarfi kowa ya huta.

Nan ne Mai Wayarin ya fito da kansa.

"Auta, ko wa ya ce maka ka sa babba, kada ka yarda. Wannan ƙaramin da ke ƙonewa shi ke hana wayar cin wuta."

Auta ya ce ya ji. Bai sake kawo motar ba.

Labarin ya iske Mai Wayarin wata ranar da rana tsaka, yana kwance a ƙarƙashin wata tasi. Auta na tafe da matarsa a babban titi, hayaƙi ya taso daga ƙasan kujerarta. Kafin ya samu wurin tsayawa kafet ya kama, ya haɗa da gefen zaninta. Mutane suka kashe wutar da yashi. Ta ƙone a ƙafa, daga idon sawu zuwa ƙauri, ga ta da tsohon ciki.

Da ya isa asibiti, dangi sun cika baranda. Ya yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Ƙanwar mahaifinsu, Gwaggo, ita ta fara faɗa a fili: an ba mutum mota ya yi ta tone-tone a cikinta, ga abin da ya jawo. Auta yana jingine da bango, bai ce eh ba, bai ce a'a ba.

Washegari janwe ya sauke motar a ƙofar garejinsa, wai tunda shi ya ɓata, shi zai san yadda zai yi da ita. Ya jira har mutane suka watse, sannan ya buɗe akwatin fiyus. A gurbin mai lamba goma, ja, wanda ya sa da hannunsa, ya tarar da kore mai lamba talatin, lafiyarsa ƙalau, ko ɗumi bai yi ba. Ya kwance kujerar gefe ya fitar. A ƙarƙashinta, inda ƙarfen da kujerar ke zamewa a kai ya haɗu da ƙasa, damin wayoyi ya narke ya zama dunƙule ɗaya. Nan wutar ta fara. In mutum ya zauna, nauyinsa sai ya danna ƙarfen a kan waya har ya ci robarta. In ya tashi, wayar ta koma yadda take.

Ya daɗe a tsugune. Ya tuna ya taɓa haska wurin da tocila, ya ga komai daidai, ya wuce. Da ya sa wani ya zauna a kujerar nan ko sau ɗaya yana gwaji, da an huta. Masu zaman banza ba sa ƙarewa a garejin. Shi ne dai ya hana kowa kusantar motar, don kada a ɓata wa Auta kujera.

Ya ɗauki koren fiyus ɗin ya tafi wurin Inna. Ya same ta a ɗaki tana ninke kaya. Ya ajiye mata shi a tafin hannu, ya yi mata bayani dalla-dalla, cewa wani ne ya sa wannan bayan motar ta bar hannunsa, kuma ya gargaɗi Auta a gaban shaida. Inna ta juya abin, ta mayar masa. Ta ce ita ba ta san waya ba. Abin da ta sani, surukai sun fusata, suna cewa za su ɗauke 'yarsu, kuma in suka ji Auta ne ya yi ganganci, auren ba zai kai labari ba.

"Kai ne babba," ta ce. "Kai in an zage ka, gobe ka manta. Shi ba zai iya ɗauka ba. Ka je ka ba su haƙuri, don Allah."

Ya ce, "Inna, da sunana nake cin abinci."

Ta ce ta sani, Allah zai saka masa.

Ya je. A falon surukan Auta ya zauna a ƙasa, ya ce kuskure ne irin na aiki, a yafe masa. Mahaifin yarinyar ya yi masa doguwar nasiha a kan mutum ya san iyakar iyawarsa. Auta ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa ya ce komai ya wuce, shi bai riƙe shi da komai ba. Aka yaba wa Auta da haƙuri.

Magana ba ta kwana a layin gareji. Masu manyan motoci da ya saba da su suka janye ɗaya-ɗaya, ba wanda ya ce masa don me. Masu fenti suka laƙaba masa Kashe-gobara, in ya wuce a yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya koma kan tasi da tsofaffin motocin kaya. Matarsa ta yi rantsuwa ba za ta ƙara taka gidan Auta ba, shi kuma bai tilasta mata ba. Gawar motar ta zauna a ƙofarsa har kuliyoyi suka mayar da ita ɗaki, kafin masu sayen ƙarfe su zo su kwashe.

Bayan matar Auta ta haihu ta samu sauƙi, wata rana da hantsi ta tsaya a garejin, jaririn a kafaɗa, tana ɗan ɗingishi. Ya goge mata benci. Suka gaisa, ta miƙa masa yaron, ya ce hannunsa da baƙin mai, ya dai leƙa fuskarsa. Sai ta ce tana cikin motar ranar da Auta ya tsaya wurin wani mai gyara a bakin hanya. Da kunnenta ta ji mutumin ya ce babban fiyus yana da haɗari, Auta ya ce a sa, shi ya gaji.

"Yaya, na san ba kai ba ne. Amma don Allah kada ka ce na faɗa maka."

Ya tambaye ta ƙafa. Ta ce da sauƙi, sai dai ƙaiƙayi in an yi zafi. Ya ce ta riƙa shafa mai, ta gaishe da Inna. Ya tsayar mata da abin hawa, ya jira har ta shiga.

Direban tasin da yake yi wa aiki ya leƙo ya tambaya ko wace ce. Mai Wayarin ya ce matar ƙaninsa ce. Ya karɓi tasta daga hannunsa, ya ce masa ya shiga ya danna hon.