Labulen Gidan da Ba Mu Shiga Ba

"Mama, ashe ba ki da aiki?"

Aku ce ta yi tambayar a gaban teburin ma'aikacin banki, da muryar nan tata da ba ta san raɗa ba. Shekarunta biyar, kuma ba a banza muke ce mata Aku ba. Ta ji mutumin ya ce, "Wato dai ba ki aiki a ko'ina," shi ne ta ɗago ta dube ni kamar wadda na daɗe ina yi wa ƙarya.

Na ce mata ina da aiki, ta rufe baki. Sai ta juya wajen mutumin.

"To wa yake ɗinkin da ake yi a ɗakinmu?"

Ma'aikacin ya yi murmushi ya gyara tabarau. Ya ce ba haka yake nufi ba. Mai sana'ar hannu ma ana ba shi rancen gida, amma tunda ba albashi, dole banki ya ga yadda kuɗi ke shiga da fita a asusunsa na wata goma sha biyu. Ya juyo da fuskar kwamfutar wajena. Layi biyu ne kacal a asusuna: ranar da na buɗe, da ranar da suka cire kuɗin katin cirar kuɗi.

"Malama, ina kuɗin ɗinkin ke zuwa?"

"Wajen yayana."

Ya ajiye biron.

Ga yadda abin yake. Lokacin da na fara ɗinki ba ni da katin shaidar da ake buɗe asusu da shi. Na yi rajista, aka ce in jira, na jira har na haifi ƙanin Aku. Masu kawo ɗinki kuwa ba su jira ba, kowa cewa take, "Ba ni da tsaba, ba ni lamba in tura." Sai na ba su ta Yaya, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, mai kula da sito a wani kamfanin fenti. Duk ƙarshen mako ya ciro ya kawo mini a ambulan, bai taɓa rage ko na katin waya ba. Da katin shaidar ya fito na buɗe nawa asusun, amma lambar Yaya ta riga ta zauna a wayoyin mutane, ta zauna a bakina. Shekara huɗu ke nan. Abin da nake tarawa kuma yana can wajensa.

Na ciro littafin awona daga jaka. Kowane shafi da sunan mai kaya, da awonta, da ranar karɓa, da ƙyallen yadinta a maƙale da allura. Ya buɗe shafi uku a hankali, allura ta soke shi, ya tsotsi yatsa.

"Aiki kam ana yi," ya ce. "Amma wannan ba zai shiga fayil shi kaɗai ba. Maigida fa?"

"Gyaran firij yake yi. A hannu ake biyansa."

"Takardar wuta?"

"Sunan mai gidan hayarmu ne a kai."

"Rasit ɗin haya?"

Na miƙa masa. A bayan takardar magani mai gidan ya rubuta mana shi. Ma'aikacin ya juya ta gaba da baya, ya mayar mini da ita da hannu biyu.

A motar haya Aku ta yi barci a cinyata, ƙaninta a baya yana jan ɗankwalina. Ni kuwa lissafin kwanaki nake. Goma sha tara suka rage.

Gidan da muke so ba wani babba ba ne. Ɗaki biyu da falo, da ɗan fili da za a iya shanya, a bayan makarantar da Aku za ta shiga. A ƙasa yake, wannan shi ne babban abin. Mu a bene na biyu muke, ciki da falo, matakalar ba abin dafawa, ga yaro ya fara rarrafe. Bangon da katifar yara ke jingine yana tsotsar ruwan banɗakin maƙwabta, fentin ya kumbura ya yi baƙi, Aku tana tari tun bara. Mun tara kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin gidan, dillali ya ce zai riƙe mana zuwa ƙarshen wata, bayan nan akwai mai jira.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai baban Aku. Ranar da dillali ya buɗe mana gidan, na faki idonsa na auna tagogin da tef ɗina. Taga biyar. Ta falo faɗinta ya fi tsayinta, ta ɗakin yara kuma magini ya karkatar da ita da kusan yatsa biyu. Washegari na sayi yadi ruwan zuma mai kauri, na yanka. Ni da ba na sa almakashi a yadin kowa sai ya ba da rabin kuɗi, na yanka labule biyar na gidan da ko mabuɗinsa ban riƙe ba.

Baban Aku ya dawo da yamma hannunsa duk baƙin mai, na ba shi labari yana wanki a bokiti.

"To ai da sauƙi," ya ce. "Kuɗin a asusun Yaya suke, Yaya na da albashi. Ya karɓi rancen da sunansa, mu riƙa biya."

"Gidan kuma da sunan wa?"

"Maman Aku, Yaya ne fa. Mutumin da ko canjin cefane ba ya riƙewa."

Na koma kan keken ɗinki, na ɗinka hannun riga a bai-bai, na farke. Na tashi na ja katifar yara daga bango, na ga ba wurin wucewa, na mayar. Kwana uku haka nake, in ɗauki abu in ajiye, in buɗe jakar labulen in rufe. Wata mai kaya ta zo gwaji ta ce, "Yau kuma tela, wuyan nan na wa kika auna?" A rana ta huɗu Aku ta tashi da tari har da amai, na kira Yaya.

Ko gama bayani bai bari na yi ba. "Shi ne kike ta kewaye-kewaye? Gobe in an tashi cin abinci ki same ni a bankin. Auta da gida, ikon Allah. Sai ki ware mini ɗaki in an kore ni."

Ya riga ni zuwa, da rigar aikinsa mai tambarin gwangwanin fenti, da takardun albashinsa a leda. Aku ta ruga ta rungume ƙafarsa tana kiran Kawu. Ma'aikacin nan mai tabarau ya dubi takardun, ya dubi asusun, fuskarsa ta saki.

"Wannan kam ba matsala. Ga albashi, ga kuma kuɗi na shigowa kusan kullum. Kasuwanci kake yi a gefe?"

"Na wannan ne," Yaya ya nuna ni da haɓa. "Ni ɗan aike ne kawai."

Mutumin ya yi dariya, amma kujerarsa ta riga ta juya wajen Yaya. Shi yake wa bayani: shekara nawa, nawa duk wata, ranar da za a turo mai duba gida. Ina zaune da yaro a cinya ina kallon layukan da ke kan kwamfutar. Na gane su ɗaya bayan ɗaya. Ga na matar mai kemis, riga uku. Ga na malamar da ta sa na sake mata zip sau biyu. Ga na kayan makarantar da na yi mako biyu ina yi har ƙafata ta kumbura. Duk a ƙarƙashin sunan Yaya.

Aka turo fom. Na ce, "Ni a ina zan sa hannu?"

Ma'aikacin ya duba. "In kina so, a nan ƙasa. Shaida."

"Takardar gidan fa?"

"Da sunan wanda ya karɓi rancen za ta fita."

"In na gama biya?"

"Sai ya mayar miki, in ya ga dama. A yi sabuwar takarda, a biya kuɗin canji."

"In kamfaninsu ya sallame shi kafin nan? Ko wani ya biyo shi bashi?"

Ya cire tabarau ya goge. "Malama, a wajenmu da wajen hukuma, gida na wanda sunansa ke takarda ne."

Yaya ya riga ya cire murfin biro. Ya tsaya ya dube ni. "Auta, me kike nufi? Ni zan cuce ki?"

"Ba kai ba, Yaya."

"To wa?"

"Rancen shekara goma sha biyar ne fa. 'Ya'yanka huɗu, nawa biyu. Ranar da babu ni babu kai, wa zai zaunar da su ya ce musu kuɗin keken ɗinki ne? Wannan takardar ce za ta yi magana, kuma ka ji abin da za ta ce."

"Sai mu rubuta a tsakaninmu."

"A bayan takardar magani?"

Bai yi dariya ba. Aku ta leƙa fom ɗin, ta leƙa fuskarsa. "Kawu, gidanka za mu koma?"

Yaya ya mayar da murfin biron, ya tattara takardunsa cikin leda, ya ce lokacin komawarsa aiki ya yi. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Shekara huɗu ina bin layin cirar kuɗi saboda ke." Ya fita. Gaskiya ya faɗa.

Ma'aikacin ya ce in mayar da komai asusuna daga yau, har na hannun baban Aku in riƙa zubawa. In sa mai gidan haya ya ba mu rasit na gaske. In wata goma sha biyu ta cika in dawo da littafin awon, zai haɗa da shi. Na ce gidan fa? Ya ce wannan kam sai dai wani.

Baban Aku bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Kwana biyu yana cin abinci yana kallon bangon nan. A na uku ya kawo wani faifan roba daga wurin aikinsa ya buga a kai, muka juya ɗakin gaba ɗaya, keken ɗinki ya koma jikin bangon, katifar yara ta dawo inda keken yake. Ya sayo katako ya yi ƙaramar ƙofa a bakin matakala. Yaya ya turo mini ajiyata cif, ba ko gaisuwa. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, dillali bai ma kira ba.

Sai bayan mako uku ya kira. Ya ce matar wanda ya sayi gidan tana neman mai ɗinkin labule, ta kai wa wani ya ɓata mata yadi saboda tagar nan karkatacciya, shi ne ya tuna da ni. "Ai na gan ki ranar nan da tef, na yi kamar ban gani ba."

Na so in ce ba ni da lokaci. Na dubi jakar labulen a kan kabad, na tuna kuɗin yadin, na ce ina zuwa.

Matar mai kirki ce, tana da tsohon ciki. Na hau kujera na rataya labulena ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya zauna kamar a jikin tagar aka haife shi. Ta riƙe baki. "Ke kuwa yaushe kika auna?" Na ce ido ne na sana'a. Aku tana tsakar gidan tana zagaya wurin shanya da gudu, na kira ta sau uku kafin ta zo.

"Kawo lamba in tura miki," matar ta ce.

Na buɗe baki, lambobi huɗu na farko suka fito, na Yaya. Na tsaya. Na ce ta goge. Sai da na zazzage jakata a kan tabarmarta, zare da alli da tef, kafin na sami 'yar takardar da na rubuta tawa. Na karanta mata a hankali kamar mai koyon ƙirga. Wayata ta yi ƙara. Shi ne layi na farko na aikin hannuna da sunana a kai.

Yanzu wata biyar ke nan, saura bakwai. Na rubuta lambar da babban baƙi na manna a jikin keke, duk da haka wasu tsofaffin masu kaya suna turawa Yaya, shi kuma ya turo mini da kalma ɗaya, "Naki." Ranar da Aku ta fara makaranta ya zo da jaka ya ba ta, ya sha ruwa a tsaye, ya ce ɗakin ya fi kyau a haka. An ƙara mana kuɗin haya. Tarin ya ragu, bai tafi ba. Kullum in na raka ta makaranta sai mun wuce ta bayan gidan nan, labulena a tagar falo, ita kuma sai ta nuna ta ce, "Mama, ga namu." Gidaje suna ta tsada, ban sani ba ko abin da muka tara zai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wani gidan in lokacin ya yi. Wani lokaci ina tsakiyar ɗinki sai in tsinci kaina na ɗauki waya ina ƙirga layuka.

Ke da kike sana'a a ɗaki, kitso ne ko ɗinki ko saye da sayarwa, ki duba lambar da kike ba mutane. In ba sunanki ne ke fitowa ba in an tura, ki canja ta yau, kafin ki ga gidan da zai shiga ranki. Ko mai asusun ya fi kowa amana, ranar da kika zauna gaban teburin nan, shekarun da kika yi kina aiki shi za a rubuta wa, ke kuma a nuna miki layin shaida.