Jan Biro a Kan Fensirin Inna

Ranar da Auta ta koma aiki bayan hutun haihuwa, ko jaka ba ta ajiye ba shugabar laburare ta aiko kiranta. Shugabar irin matan nan ce da ba su iya sannu da zuwa ba sai sun haɗa da laifi. Ta tambayi lafiyar jariri a gurguje, sannan ta turo wani littafi a kan tebur da yatsa ɗaya, kamar mai ture mataccen ɓera.

Tun daga bango Auta ta gane shi. Masu aro ba sa ma kiran sunansa, sai dai su ce a ba su mai koren bango. Labarin soyayya ne na shekara ɗari uku baya, tsakanin wani mai tsaron ƙofar birni da 'yar masaƙi, a lokacin da abokan gaba suka kewaye garin wata bakwai. Guda ɗaya gare su, an sake ɗinke shi sau biyu, kusurwoyinsa sun yi laushi saboda hannu.

"Buɗe," in ji shugaba.

Ta buɗe. Tun daga shafin farko jan biro ne, a gefe, a sama, a tsakanin layi. Inda 'yar masaƙi ta ƙyasta ashana ta kunna fitila, an ja layi biyu an rubuta, *Babu ashana a wancan zamanin.* Inda mai tsaron ƙofa ya tsaya yi mata waƙa a bayan gidansu, an rubuta, *To wa ke gadin ƙofar?* Inda aka ce ya yi tafiyar kwana huɗu a yini ɗaya don ya samo mata magani, an rubuta, *Sai dai in mota ya hau.* A wani shafin kalma ɗaya ce kawai, *Shirme,* an kewaye ta.

Sauran masu karatu kuwa ba su bar shi ya ci bulus ba. Wata ta amsa da shuɗin biro, *Wa ya tambaye ka?* Wani ya ƙara da baƙi, *In ka iya ka rubuta naka.* Can gaba wata ta fi kowa zafi: *Allah ya jiƙan matar da ke zaune da kai.* Mai jan biron ya dawo ya bi ta kan wannan ma, ya rubuta a ƙasa, *Amin.*

"Mutum shida suka kawo ƙara," shugaba ta ce. "Wata nas ta ce ta zo daidai inda za ta yi kuka, sai ta ci karo da maganar ashana, hawayen ya koma. Na duba katin bayan littafin. Lamba ɗaya ce ta are shi sau huɗu cikin wata ukun da ba kya nan. Sai na faɗa miki ko ta wa ce?"

Ba sai ta faɗa ba. Auta ta san rubutun nan tun kafin ta san nata. Shekara talatin da biyar mahaifinta ya yi yana koyar da tarihi a sakandare, kuma har yau tsofaffin ɗalibansa, masu furfura da jikoki, Jan Biro suke kiransa in ya ba da baya. Mutum ne da in ka kawo masa katin ɗaurin aure sai ya duba kuskure kafin ya duba rana.

"Littafin ya fita daga kantar littattafai, doka ce, tawada ba ta goguwa," shugaba ta ci gaba. "Katinsa kuma an soke. Mahaifinki ne, ke za ki je ki karɓo. Ni ba zan tsaya musu da shi ba, ya koyar da ni."

Auta ta fito da littafin. Kunyar da aka ba ta a ofis ba ita ce ta dame ta ba. Duk ranar Litinin aikinta ne ta bi littattafan da aka dawo da su da magogi, ta share duk wani zanen fensir. Shekara da shekaru tana yi, amma mai koren bango ba ta taɓa kai masa magogi ba, domin fensirin da ke ciki na Inna ne, mahaifiyarta. Inna ta koyi rubutu ne da girmanta, a ajin manya, kuma hannunta bai taɓa sakewa ba: ƙananan haruffa masu rawa, ba ta danna fensir, kamar tana tsoron takardar za ta ji zafi. Sau goma sha ɗaya ta ari littafin. Baba yana kiransa takardar hura wuta, ita kuma ta yi murmushi ta juya shafi. Shekara biyu ke nan da rasuwarta, kuma duk duniya babu inda rubutun hannunta ya saura sai gefen waɗannan shafuka.

A tsaye a baranda ta buɗe shafi na ɗari biyu da goma sha biyu. A nan ne mai tsaron ƙofa ya dawo daga kan ganuwa da rauni a kafaɗa, ya zauna a bakin ɗaki ya ce wa 'yar masaƙi, "Na gaji, amma da na ga fuskarki gajiyar ta sauka. Na gode wa Allah da ya ba ni ke." A gefen wannan Inna ta rubuta layi ɗaya da fensir, layin da Auta ta haddace. Yanzu jan biro ya hau kansa ya zauna daram, da manyan haruffa: *Surutun banza. Namijin kirki ba ya irin wannan magana.*

Auta ta daɗe tana kallon shafin. Ta tsani mahaifinta a wannan lokacin, tsana ta gaske, kuma ba ta ji kunyar hakan ba.

Ana tashi aiki ta biya gidan surukarta ta shayar da jaririn, ta ce a ƙara riƙe mata shi awa ɗaya. Ta tarar da Baba inda yake kullum, a kujerar kusa da taga, rediyo a gefe, jarida a cinya, babban gilashin ƙara girman rubutu a hannu. Keken ɗinkin Inna yana kusurwarsa, a lulluɓe da tsohon zane. Ta yi sallama a ciki-ciki.

"Auta ce?" ya tambaya, yana duban ƙofa. "Ina mai sunan nawa?"

"Yana lafiya. Baba, an aiko ni in karɓi katinka na laburare."

Ta ajiye littafin a kan jaridar. Ya shafa bangon da hannu, ya yi tsaki.

"Au, wannan. An gode mini, ko kuwa?"

"An soke katinka."

"Madalla. Wanda ya gyara shi ne mai laifi, wanda ya ɓata kuma an saka shi a kanta mutane suna ara." Ya gyara zama, muryar aji ta taso masa. "Kin karanta abin nan kuwa? Gari yana cikin yunwa wata bakwai, amma yarinya kullum da sabon lalle. Madubin gilashi a ɗakin masaƙi. Agogo ma akwai, an ce ya buga tara. Shi kuma gogan, an ba shi amanar ƙofa, dubban rayuka a bayansa, ya tafi yana rera waƙa a gindin katanga. A zamanin da nake koyarwa, irin wannan ko a littafin ɗan aji ɗaya na gani sai ya sake."

"Ba jarrabawa ba ce, Baba. Labari ne."

"Ƙarya ce da bango."

"To wa ya aike ka? Sau huɗu. Wanda ya ƙi abu sau ɗaya yake karantawa ya ajiye. Ka jira sai da ba na nan ka lallaɓa ka ɗauka, kamar mai satar nama a tukunya."

Ya sha toka. Ba a saba yi masa magana haka a gidan nan ba. Ya miƙa hannu zai zuba ruwa daga buta a kofi, rabi ya zube a kan tebur, ya share da gefen hannu. Auta ta gani, amma fushi ya ɗebe ta, ba ta kawo komai a ranta ba.

"Sau goma sha ɗaya uwarki ta karanta shi," ya ce. "Ni na mayar da shi bayan an yi sadakar bakwai, a ƙarƙashin matashinta na same shi. Na ce bari in ga abin da ke ciki da ya fi mutanen gida. Na duba sau huɗu, ban ga komai ba sai wani sakarai mai zaƙin baki. Ni rufin ɗakin nan sau nawa na hau na gyara? Da ta kwanta asibiti wa ya kwana a benci wata biyu? Shi wannan me ya yi, ban da magana?"

"Shi ya sa ka rama a kanta."

"A kan wa?"

"Kada ka yi mini haka, Baba," ta ce. "Ka zagi marubucin, ka zagi mai tsaron ƙofa, ka yi faɗa da 'yan mata a gefen shafi, duk na ji. Amma tana raye ba ka bar ta ta gama magana ba sai ka gyara mata. Wasiƙar farko da ta rubuta maka daga ajin manya, da jan biro ka mayar mata, ina tsaye. Ta mutu ma ba ka ƙyale ta ba. Layi ɗaya ta rubuta, ka bi ka danne shi da surutun banza."

Rediyo yana ta karanta sanarwa, ya lalubo ya kashe.

"Wane layi?" ya ce.

Ta fizge littafin, ta buɗe shafin, ta dangwara masa a cinya. Ya ɗora gilashin, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takarda, ya karkata wajen hasken taga. Ya bi jan rubutunsa daga farko zuwa ƙarshe, ya dawo ya sake bi.

"Nawa nake gani," ya ce a hankali. "Da baƙin bugu. Shi ma harafi-harafi. Gefen nan fari ne lokacin da na rubuta."

"Ba fari ba ne."

"Ta yi rubutu a ciki?"

Sai a lokacin ta dubi idanunsa sosai, ta ga yanar da ta rufe baƙin, ta tuna ruwan da ya zube da tambayar da ya yi mata a ƙofa. Watanni nawa yana ɓoye wannan, ba ta sani ba. Da wata rana ce da ta ji tausayi. Yau tausayin ya zo ya tarar da fushi ya riga shi zama, kuma layin Inna dai ya riga ya tafi, ko da gangan ko ba da gangan ba.

"Wuri goma sha huɗu ta yi rubutu," ta ce. "Ka hau kan tara."

Hannunsa da ke riƙe da gilashin ya sauka kan jarida. Ya laluba aljihun gaban rigarsa, ya zaro katin laburaren ya miƙa mata ba tare da ta sake tambaya ba. Ta karɓa.

"Me ta ce a nan?"

"Ba za ka so ji ba."

"Ban tambaye ki abin da zan so ba. Karanta."

Tana iya cewa ya goge, ba ya karantuwa. Tana iya ƙirƙiro masa wani abu mai sanyi, shi da ba ya gani, wa zai ƙaryata ta? Ta yi tunanin hakan, ta ƙi. Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin jan rubutun, inda ƙafafun haruffan Inna suke leƙowa, ta karanta da ƙarfi, yadda yake sa ɗalibai su karanta a gaban aji.

"Shekara talatin da ɗaya ina jiran rabin wannan."

Sai hannun Baba ya tafi aljihu, wajen jan biron, irin tafiyar da hannu ke yi ba da izinin mai shi ba. Auta ta janye littafin ta rungume a ƙirji.

"Ba taɓawa zan yi ba," ya ce. Ya zaro biron ya ajiye a kan tebur, cikin ruwan da ya zube. "Lissafin ne bai cika ba."

"Baba, ko yanzu ma?"

"Talatin da huɗu muka yi." Ya juya fuskarsa wajen keken ɗinkin. "Bayan ta rubuta wannan ta ƙara jira uku."