Balbela da Mai Jar Riga

Hancin mai shago ne abu na farko da Malama ta ɗauka da kyamara. Ta yi ta jawo shi har ya cika allon, ƙofofi biyu da gashinsu, ta kwashe da dariya har tari ya sarƙe ta. Na zaro abin shaƙarta daga jaka, na tallafe mata ƙeya. Ta ja, ta numfasa, ta ce ita fa wannan take so.

Shekarunta takwas. Babanta ne ya laƙaba mata Malama, don ba a gama cin abinci a gidanmu ba ta yi mana darasi a kan tsuntsaye ba. Tana da asma, tagar falonmu kuma, a hawa na uku, bola take kallo. Kullum da hantsi sai an cinna wa bolar wuta. Likita ya ce muddin akwai hayaƙi a rufe taga, ita ma ta zauna a ciki. Haka ta koma zama a bayan gilashi, tana kallon balbelu suna sauka a kan shara kamar an baza farin wanki. Ta gwada ɗaukarsu da wayata, suka fito kamar ƙwayar shinkafa. Ni dai abu ɗaya na sa a gaba: ta samu hoton balbela da fikafikai a buɗe, wanda ta daɗe tana mafarki, ba tare da ta shaƙi hayaƙin nan ba.

A shagon, babanta wata ƙatuwar kyamara ya nuna, mai baki kamar taɓarya. Na tambaye shi wa zai ɗauke ta.

"Ni mana," in ji shi.

"Kai da kake bisa falwayar wuta tun safe? Ko ta waya za ka riƙe mata?"

Mai shago ya goyi bayana. Ya ce tsuntsu ba amarya ba ne da za a ce masa ya tsaya ya yi murmushi. Abin da ake nema kyamarar da ke jawo nesa, mai saurin ɗauka, wadda hannun yarinya ba zai gaji da ita ba. Ta hannun Malama ta hannu ce, an yi amfani da ita, amma gilashinta a manne yake, babu cirewa balle ƙura ta shiga. Ni tela ce, ban saba sayen abu ban juya shi ciki da bai ba. Na ɗaga gilashin ga haske ina neman ƙarzuwa, na buɗe gidan batir, na sa shi ya ɗauki hoton kan titi na gani da idona. Ya ce da kowa irina ne da ya daina sana'ar. Muka haɗa da memori da sanda mai ƙafa uku, muka tafi.

* * *

Na wanke tagar da ruwan sabulu, na goge da tsohuwar jarida har tana ƙara. Hoton farko da aka ɗauka ta cikinta, babu balbela ko ɗaya: walƙiyar kyamarar ce ta daki gilashi ta dawo da baban Malama tsaye a bayanmu, da singileti da kofin shayi. Malama ta ce wannan tsuntsun ba ya cikin littafinta na tsuntsaye.

Muka kashe walƙiya, muka kashe fitilar falo. Na samo ragowar baƙin yadi na rataya a bayanta, na matsar da bakin kyamarar dab da gilashi. Ƙarar da take yi idan ta kama abu ita ma na bi na kashe, bayan ta tashi ƙanin Malama daga barci. Na ɗinka igiyar wuya mai soso a ciki. Saurin ɗauka muka ƙara kamar yadda mai shago ya nuna, muka sa ta ɗauka a jere, ranar nan memori ya cika da jelar balbela da ƙafar balbela da wurin da balbela ta tashi. Ban taɓa ganin Malama ta cinye abincinta tas irin na ranar ba.

Matsala ɗaya ta gagare mu. Akwai wani ɗan koren akwati da ke fitowa a allon, duk abin da ya hau shi ke fita tar. To, da Malama ta saita balbela, sai akwatin ya yi tsalle ya bar ta, ya koma can baya ya dafe wata fuska.

Yarinya ce, ba za ta girmi Malama da yawa ba. Jar riga ce a jikinta, ta manya, har gwiwa. Buhu a kafaɗa wanda ya fi ta girma, guntun rodi a hannu tana tonon toka. Na daɗe a gidan nan ina kallon bolar, na san akwai ƴan jari-bola, amma ban taɓa sanin ɗayansu na da wushirya ba.

"Umma, kyamarar nan ta fi son ta a kan balbela," in ji Malama cikin fushi.

Babanta ya ce ai dole, kyamarar ta saba zuwa biki, mutane ta sani.

Ba a jima ba yarinyar ta hango ƙyallin gilashi a tagarmu. Daga nan fa aka shiga uku. Ta riƙe ƙugu, ta karkata kai. Ta kifa tsohon bokiti a ka ta yi tafiyar manyan mata. Ta sara wa kyamara da rodinta. Fushin Malama bai kai la'asar ba. Ta sa mata suna Mai Jar Riga, har suka ƙirƙiro aikinsu su biyu ba da baki ba: Malama ta ɗaga ƙyallen ruwan ɗorawa a taga, Mai Jar Riga ta lallaɓa bayan balbelu ta tafa hannu, su tashi fuu, kyamara ta yi ta ɗauka. Kowane hoto kuwa, balbelu dishi-dishi, wushirya tar.

Na kira mai shago. Ya ce abu mai sauƙi, in shiga saiti, zan ga inda aka ba ni zaɓi tsakanin mutum da dabba da tsuntsu.

"Cire mutum kawai, Hajiya, ki ga aiki. Sai ki buɗe idon gilashin sosai, duk abin da ke baya zai narke."

Na yi yadda ya ce. Koren akwatin ya sauka daga fuskar yarinyar ya hau idon balbela.

* * *

Malama ce ta lura da tarin. Ta ce min kafaɗun Mai Jar Riga ɗagawa suke yi idan tana numfashi, irin nata. Ta ɗauko abin shaƙarta na ajiya, ta sa takalmi, wai za ta kai mata. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ko matakalar farko ba za ta taka ba. Ta yi kuka, ta ce ba ni da tausayi. Na bar ta ta faɗa. Ni na san dararen da na kwana a asibiti ina sauraron ƙirjinta yana busa.

Sai na hau keken ɗinki na ɗinka takunkumi mai ninki uku da yadi mai furanni, na wanko hoton Mai Jar Riga ɗaya, na tafi bolar da kaina. Zafin ƙasar har cikin takalmina. Yara sun fi yadda nake zato yawa, suna kutsawa inda wuta ba ta gama mutuwa ba, don wai bayan ƙuna ƙarfe ke bayyana, wanda ya riga shiga shi ke samun jan waya.

Mai Jar Riga ta daɗe tana kallon hoton, ta goge yatsunta a riga kafin ta taɓa shi.

"Anti, ni ce wannan? Wallahi na fi haka kyau, ranar ban shirya ba ne."

Na tambaye ta makaranta, ta ce sai buhu ya cika, shi kuma buhun, mai sikelin da ke sayen ƙarafan kullum cewa yake bai cika ba. Babarta tana kwance, ƙannenta biyu. Ta nuna tagarmu da haɓa.

"Ita kuma me ta yi aka kulle ta?"

Na ce hayaƙin nan ne ba ya mata daɗi.

"Ayya," ta ce, tari ya katse ta, ta dafa rodinta har ya lafa. "Allah ya ba ta lafiya."

Na ce ta gaya wa babarta ranar Asabar zan zo in kai ta a duba ƙirjinta. Ta ce to, Anti. Ina waigowa na ga ta ɗaure takunkumin a goshi, don a ga furannin da kyau.

* * *

Washegari aka dace. Malama ta ɗaga ƙyalle, aka tafa hannu a can ƙasa, wata balbela ta buɗe fikafikai daidai lokacin da rana ta ratso ta bayanta. Kowane gashi ana iya ƙirga shi. Malama ta yi ta zagaye falo, babanta ya saɓa ta a wuya, ƙaninta na ta ihu bai san dalili ba.

Mai shago ya wanko mana shi babba, ya sa a firam. Ya riƙe shi nesa da fuskarsa yana jinjina kai.

"Kin ga yadda bayan ya narke? Wa zai ce bola ce? Wannan ɗan jan a gefe ma sai ka ce fure."

"Ba fure ba ne," in ji Malama. Bai ji ta ba, yana neman ƙusa.

Ranar Asabar na sauka da katin asibiti a jaka. Babu jar riga. Na tambayi yaran, wani ya ce tun shekaranjiya da yamma tari ya kayar da ita aka ɗauke ta, wani ya ce sun tashi daga unguwar. Na je wurin mai sikeli na ce ina neman yarinya mai tari.

"Wacce daga ciki?" ya ce, idonsa a kan sikeli.

Na koma sau da dama. Har yanzu katin yana jakata.

Hoton yana rataye a saman kekena, duk wadda ta kawo ɗinki sai ta yaba. Malama lafiyarta ƙalau, tagar a rufe take. Wata safiya da hayaƙi ya fara tashi, balbelu suka sauka, na ga ta zauna a gaban kyamarar ba ta taɓa ta ba, ƙyallen ruwan ɗorawa a cinyarta.

"Umma, mayar min da koren akwatin kan mutum."

Na mayar. Ta juya kyamarar a hankali daga wannan gefen bolar zuwa wancan. Koren akwati ya kama wata fuska, ba ita ba ce. Ya kama wata. Sai ga wani akwatin ya fito kusa da shi, da wani, da wani, ƙanana, suna motsi cikin hayaƙi, har suka cika allon.