Tsibirin da Na Gina a Tsakar Gida

Ni Nagode na Bakura, fari bai kashe ni ba, ambaliya ta ci gidana ta bar ni tsaye bisa tudu ina kallonta. To ɗan icce ne zai kunyata ni?

Ɗiyata Zuhura ta aiko mini da shi daga Ikko, inda take aure, cikin gwangwanin madara. Ta ce asalinsa wani tsibiri ne can cikin teku, ganyensa ba ya zuba, rani da damina. A waya ta ce, "Baba, in na taho gida haihuwa, ina so in iske shi kore shar." Na ce ko taɓarya ta aiko, a hannuna sai ta yi toho.

Kowa ya san abin tsibiri abin ruwa ne. Sai na yi masa fangali irin na shinkafar Bakolori, na jibga takin shanu, ina sakar masa ruwa safe da marece. Ganye ya soma rawaya yana kakkaɓewa.

Labaran mahauci, abokina tun ƙuruciya, ya leƙo ya ce, "Sarkin Noma, wanga baƙo naka azumi yake ko jinya?"

Na ce, "Kai da duk abin da ka taɓa sai ya mutu, ina ruwanka da mai rai?"

Ya tafi yana dariya. Matata Turai ta ce, "Malam, cikin yarinyar nan fa ya tsufa."

Na tono iccen, saiwar ta yi baƙi tana wari. Ina tsugune sai na tuna ranar ambaliya. Me ya cece ni? Tudun yashi. Ashe tsibiri wurin da ruwa ya kasa ci ne. Wannan ba a makaranta ake koyonsa ba, sai wanda ruwa ya taɓa kora.

Na ɗebo yashin gulbi bisa jaki, na haɗa da ɓaraguzan tsohuwar tukunya, na tayar da tudu har gwiwa, gabas da darbejiya, inda hantsi ke dukansa, inuwa ta rufe shi da azahar. Na aro wuƙar Labaran na yanke ruɓaɓɓiyar saiwa, na dasa iccen bisa tudun. Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ruwa kuwa, sai na soka yatsa na ji ƙasa ta bushe sannan in ba shi.

Ranar da Zuhura ta sauka, tun daga zaure ta hango sabon toho yana sheƙi. Ta ce, "Baba, nawa na can ma bai kai wannan ba."

Na ce, "Naki ai ba ni ke duba shi ba."

Ta haifi namiji. Ranar suna Labaran ya gama fiɗar rago, ya daɗe tsaye gaban tudun yana goge hannu.

Ya ce, "Sarkin Noma, Taibatu matata ke son ɗan reshe."

Na ce, "Za a ba ta. Amma kai kada ka taɓa shi."